Kofin Amurka a Ƙasar Mudu da Tiya

Alkaki da dubulan da nakiya da gireba ba a koyonsu a takarda. Yarinya tana zaune kusa da innarta ko goggonta lokacin haɗa gara, tana taya tankaɗe da murji, har hannunta ya gane laushin kwaɓi ba tare da kowa ya ambaci lamba ba. Kek irin na yanzu kuwa, mai hawa-hawa da kwalliya, wanda amare ke so ranar walima, ta waya ya shigo yawancin gidaje. Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji da Jabo, daga Kebbe zuwa Kuchi, 'yan mata da matan aure suna kallon YouTube da TikTok suna kwaikwayo, wasu har sun mai da abin sana'a. Mafi yawan bayanan da suke bi daga Amurka suka fito, ko kuma wata 'yar Legas ko Kano ce ta kwafo daga can ta sake faɗa da bakinta. Sai a bi bayani tiryan-tiryan, kek ya fito da tauri, ko ya tashi ya koma ya lotsa a tsakiya. A ɗora wa fulawa laifi, ko a ce wance ba ta da hannu. Sau da yawa laifin yana cikin kofi ne.

Idan Ba'amurkiya ta ce kofi ɗaya, ba kofin shayin da ke kusa da ita take nufi ba. Ma'auni ne tsayayye mai ɗaukar mililita 237, wanda ake cikewa zuwa 240 don sauƙin lissafi. Babban cokalinta mililita 15 ne, ƙaramin kuma 5, babban cokali 16 ne ke cika kofi. Wata malamar girki ta birnin Boston mai suna Fannie Farmer ce ta yaɗa wannan tsari da littafinta na 1896, inda ta dage cewa a cika ma'auni sannan a shafe bakinsa da wuƙa. Matan Ingila ba su bi ta ba. Su da sikeli suka saba, da can suna awo da laba da oza, yanzu da giram. Ko a awon ruwa ƙasashen biyu sun rabu: a 1824 Birtaniya ta sake girman galan ɗinta ya koma kusan lita 4.5, ita kuwa Amurka, da ta riga ta ɓalle tun 1776, ta ci gaba da tsohon galan mai kusan lita 3.8. (Galan ɗin 'yan bumburutu na bakin titi nasu ne daban, bai bi London ba bai bi Washington ba.) Ga kuma kofin Ostareliya mai mililita 250 da babban cokalinta mai 20. Najeriya ta gaji awon Ingila, ta koma kilo da lita a shekarun 1970, amma kasuwar hatsi ba ta taɓa sakin mudu da tiya da gwangwani ba. Uwargidan da ke Tambuwal tana sayen fulawa da mudu, tana karanta bota da giram a jikin leda, tana sauraron bayani da kofi.

Matsalar kofi ba a girmansa kaɗai take ba. Kofi cika yake aunawa, kek kuwa nauyi yake ji. Mu da muke fitar da zakkar kono mun san wannan: sa'i ɗaya mudun Annabi huɗu ne, amma da aka zo mai da shi kilo sai aka ga na shinkafa daban, na gero daban, na dawa daban. Haka abin yake a madafa. Kofin sukari giram 200 ne, kofin bota 227, kofin fulawa kuwa 120 zuwa 125, in an tankaɗe ta an zuba da cokali an shafe baki. Wadda ta cusa kofin cikin buhu ta danna ta ɗebo za ta iya kwaso giram 150. Mu kuma a kasuwa an saba mana da awo mai tozo, har da gyara, kuma mai awon da ya shafe baki sai a ce masa marowaci. Wannan hannun ne uwargida ke shiga madafa da shi. A haɗin da ke buƙatar kofi uku, bambancin giram 30 a kowane kofi ya zama giram 90, wato ta ƙara kashi uku cikin huɗu na kofi ba ta sani ba. Ina kek zai yi laushi?

Wadda ba ta da kofunan awo tana iya gyara nata ma'aunin a gida. Ledar ruwan sha da ake sayarwa a titi rabin lita ce, wato kofi biyu na Amurka da ɗan ɗori kamar babban cokali biyu. Ɗan cokali ko ɗan kofin da ke zuwa cikin kwalin maganin yara yana da alamar mililita 5, daidai da ƙaramin cokalin da ake magana. Da sabon sirinji daga kemis za a iya auna ruwa mililita 240 a zuba a kofin roba, a ja layi inda ya tsaya. Gwangwanin madarar ruwa, wanda kowa ke awo da shi, kusan kashi biyu cikin uku ne na kofin Amurka, don haka gwangwani uku suna kusa da kofi biyu. Na ce kusa ne saboda kamfanoni sun sha rage girman gwangwani, tsoho da sabo ba su zama ɗaya ba.

Duk wannan dabara ce ta kafin a samu sikeli. A ganina wadda ke yin kek don sayarwa, sikeli ya kamata ta fara saye kafin tsadadden gwangwanin gashi da bakin kwalliya. Ƙaramin sikeli mai batir, irin wanda ake samu a shagunan kayan kek a Sakkwato da Birnin Kebbi, shi ne zai sa kek ɗin yau ya zo daidai da na jiya, kuma shi ne zai gaya mata nawa ta kashe. Mai aunawa da ido ba ta san giram nawa na fulawa da bota ke tafiya a kowane haɗi ba, sai ƙarshen wata ta ga an yi ciniki amma uwar kuɗi ta ragu.

Bota a Amurka sanda-sanda ake naɗe ta, kowace sanda giram 113, rabin kofi ke nan. Ledar Simas da aka saba da ita a nan giram 250 ce, wato sanda biyu da ragowar giram 24 ko makamancin haka. Sannan ita daga man itatuwa aka yi ta, ba daga nono ba. Tana yin kek mai kyau, amma ƙamshi ba zai zo ɗaya ba, kuma irin waɗannan botoci galibi da gishirinsu suke zuwa, sai a rage na haɗi. Man shanu na Fulani ɗanye shi ya fi kusa da abin da suke nufi, in an wanke shi sosai tsamin nono ya fita. Soyayyensa kuwa ruwan jikinsa ya riga ya ƙone, ba ya riƙe iska idan an buga shi da sukari.

Ƙwai ma da nasa. Babban ƙwan Amurka giram 50 ne idan an fasa, a Ingila matsakaici ake kiran mai wannan girman. Ƙwan gidan gona yana kusa da haka, amma na kazar gida da na zabi, wanda ke cika kasuwa da damina, sun fi ƙanƙanta. Inda aka ce biyu, sai a sa uku. A nan tsohuwar hanyar matan Ingila ta fi kowace dacewa da mu. Sukan fara ɗora ƙwan a sikeli, duk nauyin da ya ba su sai su auna fulawa da sukari da bota kowanne daidai da shi. Da wannan ba ruwanki da ko zabuwa ce ta saka ko kaza.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen maganin tashi. Bekin foda da bekin soda duk farin gari ne, amma aikinsu ya bambanta. Soda ta fi ƙarfi ninki uku zuwa huɗu, kuma ba ta aiki sai ta haɗu da abu mai tsami. Foda kuwa da tsaminta take zuwa a ciki. Amurkawa suna yawan amfani da soda domin haɗinsu yana ɗauke da wata madara mai tsami, wadda matan Ingila kan sha wahalar nema har su koma matsa lemun tsami a madara. Mu ba mu da wannan wahalar. Nonon da 'yar Fulani ke kawowa ƙofar gida shi ne abin, kindirmo kuma a ɗan sirka shi da ruwa. Wadda ta cire nonon ta sa madarar gari, ta bar sodar yadda take, za ta ci kek mai ɗanɗanon sabulu. Wasu kan tambaya ko kanwa za ta maye gurbin soda, tunda ana sa ruwanta a ƙullun masa don kashe tsami. Dangin juna ne, gaskiya, amma ƙarfin kanwa yana bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, ga ƙasa a jikinta, ba ta auno da ƙaramin cokali. A bar ta a masa. Idan kuma bayanin na Ingila ne, ya ce a sa fulawa mai tashi da kanta, sai a zuba ƙaramin cokali biyu na bekin foda a kowane giram 150 na fulawarmu.

Wani ɓangare na alkamar da manyan kamfanonin niƙa na Najeriya ke sarrafawa daga Amurkar ake shigo da shi. Sai dai manyan masu sayen fulawarsu masu gidan burodi ne, don haka fulawar buhu takan zo da danƙo, abin da burodi ke so, kek ba ya so. Maganinsa: a kowane kofi a ɗebe babban cokali biyu na fulawa a mayar da na sitacin masara, a tankaɗe tare, kuma da zarar fulawa ta shiga kwaɓi a daina bugu, a juya a hankali. Jan sukarin da Amurkawa ke ambata farin sukari ne da aka cuɗa da baƙin ruwan rake; dakakkiyar mazarƙwaila tana tsaya masa, ni har na fi son ƙamshinta. Gishirinsu na girki sau da yawa mai manyan ƙwayoyi ne marar nauyi, cokali ɗayansa yana iya zama daidai da rabin cokali na namu mai laushi.

Akwai abin da ya kamata Musulma ta duba da kyau. Dokar Amurka ta tanadi cewa ruwan banila na asali ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa. Wasu haɗe-haɗen nasu kuma suna sa kitsen alade a kwaɓi, kuma sinadarin da ke daskarar da wasu alawoyi da kayan kwalliya sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Hukunci na malamai ne. Nata shi ne ta karanta abin da ke jikin kwalba da leda kafin ta zuba, musamman kayan da aka kawo tsaraba daga waje. Kitsen dai bota ko man gyaɗa na maye gurbinsa.

Sai wuta. Lambar 350 da ake yawan ji ta ma'aunin Farenhait ce. Yawancin obin da ake sayarwa a nan da Selsiyos suke, kuma 350 ɗin digiri 177 ne, wanda ake cikewa 180. A obin mai gas irin na Ingila lamba 4 ke nan. Lissafin shi ne a cire 32, a ninka da 5, a raba da 9. Mai sauri ta raba biyu kawai, a zafin gashi ba za ta yi nisa da daidai ba: 325 ya ba ta wajen 160, 400 ya ba ta 200. Mai gashi da tukunya da yashi, ko da obin ɗin maƙera mai garwashi sama da ƙasa, ba ta da lambar da za ta murɗa. Ɗan ma'aunin zafi da ake ajiyewa a ciki zai raba mata gardama, in kuma babu, ta rage garwashin ƙasa, ta bar tsinke ya yanke hukunci, ba agogon Ba'amurkiya ba. A ce bayani ya ba da minti 30 na gwangwani mai faɗin inci 9, santimita 23. Wadda ta juye kwaɓin a mai inci 8 ta ƙara masa kauri da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, zai daɗe. Wadda ta rarraba a ƙananan gwangwanaye kuma nata zai riga nuna.

Abin da babu jadawalin da zai canza mana shi ne yanayi. Idan aka ce a bar bota a ɗaki ta yi laushi, ɗakin mai maganar yana wajen digiri 20. A kudancin Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura 40. Botar da aka ajiye awa ɗaya ta zama mai, kuma narkakkiyar bota ba ta kama iskar da ke ɗaga kek. Laushin da ake nema shi ne yatsa ya lotsa ta ba tare da ta yi ƙyalli ba. Kwaɓin yis da aka ce ya yi awa biyu zai iya tashi a ƙasa da awa ɗaya, in an bar shi ya cika lokacin takarda sai ya yi tsami ya zube. Da hunturu kuma akasin haka ne: iska ta bushe, fulawa tana shan ruwa fiye da yadda aka rubuta, saman kwaɓi yana yin ɓawo in ba a rufe da leda ko jiƙaƙƙen ƙyalle ba, yis kuma yana nawa da sanyin safiya. A lokacin a ƙara cokali ɗaya ko biyu na nono, a kai kwaɓin yis inda rana ke bugu. Da bazara a sa ledar bota cikin ruwan randa kafin a fara, a yi bugun da sassafe bayan sallar asuba, a kunna wuta tun kafin a fasa ƙwai.