Yaƙin da Ke Biyo Soja Har Gida

Tun da Hukumar Talifi ta Zariya ta buga littattafan gasar 1933, marubutan Hausa suka sami tafarki biyu na ba da labarin yaƙi. Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara ya nufi fagen fama, wurin takobi da kirari; Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, ko da yake harin bayi ne asalin ƙissarsa, sai ya karkata ga uwar da aka raba da ɗanta, wadda ta ƙarar da rayuwarta wajen nemansa har ƙetaren hamada. A ganina tafarki na biyu ya fi kusa da haƙiƙa.

Zazzagawa sun shaida wannan da idonsu. Barikin horar da kurata yana Zariya tun 1924, ta nan kuma samarin Arewa masu yawa suka bi zuwa dazuzzukan Bama a yaƙin Hitila, wasu kuma daga baya zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Wanda Allah ya ƙaddara wa dawowa, ya shigo ta Ƙofar Doka aka tarye shi da guɗa, amma abin da ya biyo baya, wato firgita cikin dare, da fushi ba gaira ba dalili, da zugum a zaure har a kira Magariba, matarsa ce ta ɗanɗani ɗacinsa, ita kuwa kunya ta ɗaure mata baki, sai dai a ce iskoki ne, a aika wurin malam a karɓo rubutu.

Gajeren labari ya dace da irin wannan musiba, domin ba ya bukatar tarihin yaƙi dukansa, dare ɗaya a gida ɗaya ya wadatar. Chinua Achebe, cikin Girls at War na 1972, ya kawo magidanci da ya tsira da matarsa da 'ya'ya uku cikin huɗu, yana ta murnar tono kekensa da ya binne kusa da kabarin ɗan da ya rasa; bai zubar da hawaye ba, mai karatu ne ke jin nauyin abin.

Marubucin Hausa aikinsa ya fi na Achebe wuya, tun da wajibi ne ya sa matar da al'ada ta hana ambaton sunan mijinta ta bayyana rauninsa.