Aminatou Seyni: 'Yar Nijar Da Ta Kara Da Zakarun Tseren Duniya

Uwargida, idan 'yarki ce ke tsere wa kowa a filin makaranta, kada ki ce rawar kai ce. Da kin tsallaka iyakar Jibiya, maƙwabtanmu na Nijar da irinta suke alfahari: Aminatou Seyni.

A 2019, a birnin Lausanne, ta zo ta biyu a tseren mita 400 cikin daƙiƙa 49.19. Sai dokar hukumar tsere ta duniya kan yawan sinadarin testosterone a jini ta haramta mata wannan zangon. Ba ta karaya ba, ta koma mita 200. A 2022 ta ci zinare a gasar Afirka, sannan ta zo ta huɗu a gasar duniya a Amurka.

Irin wannan baiwa a gida take tsira, a gida kuma take mutuwa. A asibiti muna yawan ganin 'yan mata da ƙarancin jini bayan sun fara al'ada, kuma mai jiri da haki ba ta tsere. Ki kai ta a auna jininta, ki yawaita mata wake, zogale da hanta. Dogon wando da hijabin wasanni sun warware zancen sutura. Saura shawo kan babanta, wannan kuwa aikinki ne.