Taron masana zaman jama'a: mene ne rabon 'yan kasuwar Ƙonni a ciki?

 

Babu ɗan kasuwar da ya daɗe a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, da bai taɓa ganin baƙo da littafi da alƙalami ya durƙusa bakin rumfarsa yana tambaya ba. Nawa kike sayen buhu? Shinge nawa ne tsakanin Galmi da iyaka? Wa ke ba ku bashi? Wasu sukan amsa, wasu sukan ce maigida ba ya nan, don tsoron kada maganar ta koma wajen masu fatanti. Waɗannan baƙi ba duka ne ma'aikatan poroje ba. A cikinsu akwai masana ilimin zaman jama'a, abin da ake kira sosiyoloji a jami'a, kuma suna da ƙungiyoyinsu da tarurrukansu inda suke baje abin da suka ji daga bakinmu. Tun da da zancenmu ake cin wannan kasuwa, ya kamata mu san inda take ci da abin da ake saidawa a cikinta.

Su wane ne, kuma ina suke taruwa?

A nan Nijar gidan da ya fi suna a wannan aiki shi ne LASDEL, cibiyar bincike kan sauye-sauyen zaman jama'a da raya karkara, wadda aka kafa a Yamai a shekarar 2001. Cikin waɗanda suka aza tubalinta akwai Farfesa Mahaman Tidjani Alou na Jami'ar Abdou Moumouni, da Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ya fara bincike a yammacin ƙasar nan tun shekarun 1960. Cibiyar tana da reshe a Paraku ta ƙasar Benin. Bayan rahotannin da take fitarwa, takan shirya wani babban zaman horo da ake kira jami'ar lokacin hutu, inda matasan masu bincike daga ƙasashen Afirka daban-daban ke haɗuwa, su saurari manya, su fita cikin unguwanni su gwada aikin, sannan su dawo a tace abin da suka samo.

A tsallaken iyaka, masanan Najeriya suna da ƙungiyarsu mai suna NASA tun farkon shekarun 1970, wadda ke yin taron shekara-shekara, jami'o'i suna karɓar baƙuncinsa bi da bi. Sama da waɗannan akwai CODESRIA, majalisar masu binciken zaman jama'a ta Afirka baki ɗaya, da aka kafa a 1973, mazauninta a Dakar. Akwai kuma APAD, wadda ta haɗa masanan Afirka da na Turai tun 1991, ta kuma yi manyan tarurrukanta a birane irin su Wagadugu da Kotono da Lome.

Tsarin taron kusan iri ɗaya ne ko'ina. Kowane mai bincike ana ba shi 'yan mintoci ya faɗi inda ya je, da mutanen da ya zanta da su, da abin da ya gano. Daga nan sai 'yan uwansa su taso masa da tambayoyi. Mata nawa ka ji ta bakinsu? Da rani ka je ko da damina? Wa ya yi maka tafinta? Wanda ya kwana biyu a gari ya dawo yana cika baki, a nan ake kwance masa zani a kasuwa. Abin da ya tsallake wannan tankaɗe shi ake bugawa, kuma daga cikinsa ne ministoci da masu ba da tallafi kan tsinci hujja idan za su tsara wani shiri.

Ba yau aka fara rubuta mu ba

Kasuwancin Bahaushe ya daɗe yana jan hankalin masana. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafinta a 1972. Ita ce ta nuna wa duniya cewa matan kulle, waɗanda ake zaton ba su da sana'a, suna da babbar kasuwa a cikin gidaje, ta hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci, yara suna kai da kawowa. Iyayenmu mata sun san haka tun kaka da kakanni, amma a takardun hukuma ba a lissafa su. Nicole Echard ta yi shekaru tana bincike a ƙasar Adar, haka ma Farfesa Djibo Hamani, wanda Jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975. A 1986 Emmanuel Grégoire ya fitar da littafi kan Alhazan Maraɗi, inda ya bayyana yadda amana tsakanin ubangida da baransa ke riƙe da fatauci daga Maraɗi zuwa Katsina da Kano ba tare da takarda ko sa hannu ba.

Kuɗin goro da shingayen hanya

Aikin da ya fi taɓa aljihun ɗan kasuwa shi ne wanda aka yi daga 1999 zuwa 2001 a ƙasashe uku, Nijar da Benin da Senegal, kan ƙananan cin hanci na yau da kullum. Giorgio Blundo da Olivier de Sardan suka jagorance shi, Nassirou Bako-Arifari ya bi sashen duwan da sufuri, Tidjani Alou ya bi sashen shari'a. An buga sakamakon da Faransanci a 2007.

Masu binciken ba su tsaya ga zagi ba, sun rarrabe abin kashi-kashi. Akwai goron godiya bayan an gama aiki. Akwai kamasho, inda ake rage wa mai kaya kuɗin fito a raba ribar. Akwai kuɗin wucewa, wanda direba ke miƙawa ko da takardunsa sun cika. Akwai alfarma, wato a yi maka aiki don ka san wani. Sun kuma nuna cewa tsakanin mai kaya da ma'aikaci akwai rundunar 'yan tsakiya, waɗanda ba su cikin littafin albashi amma babu abin da ke motsi sai da su. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kowa yana tsine wa abin, kuma kowa yana yi, domin wanda ya ƙi bayarwa kayansa ne za su kwana a rana. Mai albasar Galmi ya fi kowa sanin ma'anar kwana biyu a kan hanya cikin zafi.

Daga irin wannan aiki ne suka fito da wata magana mai amfani: kowace ma'aikata tana da doka biyu, ta takarda da ta aiki. Ta takarda tana rataye a bango, ta aiki kuwa ita ce kowa ke bi ba tare da an rubuta ta ba. Duk gyaran da ya tsaya ga sauya ta bango, bai leƙa ta aiki ba, an yi ba a yi ba.

Asibiti, kyauta da kuɗin tallafi

Iyayenmu mata, ga naku. A 2003 Yannick Jaffré da Olivier de Sardan sun fitar da sakamakon bincike a asibitocin manyan birane biyar, Yamai da Bamako da Dakar da Abijan da Konakiri. Sun tarar cewa babban kukan marasa lafiya shi ne tarba: wadda ta san wani a ciki ana karɓarta da fara'a, wadda ba ta san kowa ba ko amsa gaisuwarta ba a yi. Sun kuma saurari ma'aikatan, suka ji nasu kukan na ƙarancin kayan aiki da yawan jama'a.

Da gwamnati ta ɗauke kuɗin fiɗa ga mai naƙuda a 2005, sannan a 2006 ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu binciken LASDEL sun bi sawun shirin. Sun tabbatar cewa mata sun ƙara kai yara asibiti, amma kuɗin da baitulmali ya kamata ya mayar wa asibitoci yana makara ƙwarai, har kantin magani ya bushe. Sai uwa ta zo da sunan kyauta, a rubuta mata takarda ta tafi ta saya a waje. Wadda ba ta san wannan ba sai ta ɗora laifin duka kan ma'aikaciyar da ke gabanta.

Haka suka yi bayan yunwar 2005, da kuma lokacin da ƙungiyoyi suka shigo da rabon kuɗi hannu da hannu ga gidajen da aka ce su ne mafi talauci. A wasu garuruwa sun tarar cewa da baƙin sun juya baya sai a tattara kuɗin a sake rabawa gida-gida, domin a ganin mutanen gari zaɓen wasu a bar wasu raba zumunci ne. Masanan suna kiran irin waɗannan shirye-shirye tsari mai yawo: an ɗinka riga a wata ƙasa, an kawo ana son kowa ya sa, ba a auna kafaɗar kowa ba.

Abin da Ƙonni ke da shi na faɗa

In ana neman garin da zai koya wa masana darasi, ga shi nan. Tsakaninmu da Illela ta jahar Sakkwato 'yan kilomitoci ne, aure ɗaya, harshe ɗaya, kuɗi biyu. Manyanmu sun ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994. Mun ga rufe iyakar Najeriya daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Mun ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da janye tallafin man fetur a watan Mayu na wannan shekara, wanda ya taɓa duk mai saida esansi a kwalba da duk ɗan kabu-kabu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyaka, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an yanke shi ne a Abuja ko Yamai ko Dakar, amma a kan teburin mai tumatir ya sauka. Wa ya karye, wa ya tsira? Adashi nawa ya watse don masu zubi sun kasa? Yaya 'yan canji suka riƙe amana da naira ta yi wuya? Wace hanya kaya suka bi da babbar hanya ta toshe, kuma wa ya ci ribar? Amsoshin suna bakin mutanen da ke karanta wannan shafi. In ba a rubuta su ba, gobe za a sake yanke irin wannan hukunci kamar ba a taɓa gwadawa ba.

In mai littafi ya zo rumfarki

Shawararmu ga 'yan kasuwa guda huɗu ce. Ta farko, a tambaye shi wa ya aiko shi, kuma me za a yi da maganar. Mai binciken kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, kuma ƙa'idar aikinsa ta hana shi bayyana sunan wanda ya zanta da shi ba da izini ba. Ta biyu, ba dole ba ne. Wadda ba ta so tana da ikon cewa a'a, ko ta ce a dawo bayan kasuwa ta watse. Ta uku, a sani mai bincike ba mai rabo ba ne. In aka ƙara wa talauci gishiri don tsammanin buhun shinkafa, ko aka ɓoye abin da ake biya a hanya, ƙaryar ce za ta shiga littafi, a gina shiri a kanta, shirin ya dawo kanmu. Ta huɗu, a nemi alkawarin dawowa da sakamako.

A kan wannan ta huɗun muke da kira ga masanan kansu. Kusan duk abin da muka lissafa a sama da Faransanci ko Ingilishi aka buga shi, a Paris ko London ko Dakar. Matar da ta bar cinikinta awa guda tana amsa tambaya ba ta taɓa jin inda maganarta ta kwana ba. Muna da gidajen rediyo masu magana da Hausa, muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na manoman albasa, muna da Jami'ar Djibo Hamani a Tawa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, kowace tafiyar 'yan awoyi daga nan. Ba abin da zai hana a ware yini guda cikin irin waɗannan tarurruka a sauko Ƙonni, a shimfiɗa tabarmi, a faɗi sakamakon da Hausa, a bar masu abin su ce nan kun faɗi daidai, nan kuma an yi muku rufa-rufa. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shugabannin kasuwa su ma da nasu aikin. Su riƙa ajiye littafi: farashin buhu wata-wata, yawan shingaye, kwanakin da kaya suka yi a hanya. Ranar da za a zauna da hukuma, wanda ya zo da lissafi ya fi wanda ya zo da kuka kawai.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa a wannan shafi.