Kujeru Biyu Da Suka Ɓace A Ɗakin Tuƙin Jirgin Soja

Duk wanda ya zauna a Basawa, ko Palladan, ko Samaru, ba sai an gaya masa ƙarar jirgin sama ba. Tun da safe ƙananan jiragen koyon tuƙi suke tashi daga filin Abiyeshan, wato kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama da aka kafa a Zariya a 1964, su yi ta kewaya bisa kawunanmu. Ga kuma bariki a maƙwabtanmu. Don haka ba mamaki yaranmu da yawa in ka tambaye su me suke so su zama, sai su ce sojan sama. To, amma wane aiki ne zai jira su a cikin jirgin?

Bari mu ɗauki Hercules C-130, babban jirgin nan mai farfela huɗu da rundunar sojojin saman Nijeriya ta fara samu a 1975. Shi ya yi ta jigilar dakarunmu da kayansu zuwa Laberiya da Saliyo a zamanin ECOMOG. Irin namu, samfurin H, mutum biyar ne ke tafiyar da shi. Akwai matuƙa biyu a gaba. A tsakaninsu, ɗan baya kaɗan, injiniya ke zaune, idonsa a kan agogunan injin, shi ke lura da mai da wuta da zafin kowane inji. Bayansa akwai mai duba hanya da taswirarsa da fensirinsa, wanda a da har da taurari yake auna inda jirgi yake. Na biyar shi ne mai kula da lodi, wanda in a mota ne da mun ce karen mota, sai dai nasa lissafin ya wuce wasa: in nauyi ya karkata gaba ko baya fiye da kima, jirgi ba zai tashi lafiya ba.

A 1996 kamfanin Lockheed Martin na Amurka ya tashi sabon samfuri, C-130J. Daga waje sai ka ce ɗan'uwansa ne, illa dai kowace farfela tana da fukafukai shida maimakon huɗu. A ciki ne bambancin yake. An kwashe yawancin agogunan nan masu allura an sa alluna irin na talabijin. Kwamfuta ce ke ba kowane inji man da ya dace, ita ke lura da zafinsa, in wani abu ya ɓaci ta rubuta wa matuƙi a allo. Hanya kuwa tauraron ɗan Adam ke nunawa. Shi ke nan kujerar injiniya da ta mai duba hanya suka tafi, mutum biyar suka koma uku. Haka ma C-17 na Amurka, duk girmansa, matuƙa biyu ne da mai lodi ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin mutanen nan biyu ya ɓace ne. Raba shi aka yi. Na'ura ta ɗauki kaso mai yawa, ragowar ya faɗa kan matuƙa, waɗanda yanzu rabin aikinsu cusa wa kwamfuta umarni ne da sa mata ido. Mai lodi shi ma ya sami ƙari, don wasu dube-duben da injiniya kan yi kafin tashi sun dawo wuyansa.

Mu a nan ba za mu manta da 26 ga Satumba, 1992 ba, ranar da Hercules ɗinmu ya faɗi a fadamar Ejigbo jim kaɗan da tashinsa daga Legas, bayan injinansa uku sun mutu. Fiye da mutum 150 suka rasu, akasarinsu hafsoshi masu kwas a Jaji, nan kan hanyarmu ta Kaduna. Gidaje nawa ne a barikoki suka shiga makoki a wannan mako? Masu goyon bayan sabon tsari sukan ce kwamfuta ba ta gajiya, ba ta gyangyaɗi, tana kuma ganin matsalar inji tun kafin idon mutum ya gani. Gaskiyarsu ne.

Sai dai ita ma tana da nata. A ranar 9 ga Mayu, 2015, sabon jirgin dakon soja na Turai, A400M, ya faɗi a Sebil ta ƙasar Sifen wajen gwaji. Injina uku suka ƙi bin umarnin matuƙa, domin an share wasu bayanai daga kwamfutar da ke sarrafa su lokacin da ake ɗora mata manhaja. Mutum huɗu suka mutu. Injinan lafiyarsu lau, hanyar yi musu magana ce ta toshe.

A watan Oktoba na shekarar kuma wani C-130J na Amurka ya faɗi a Jalalabad ta Afganistan, mutum 14 suka halaka. Da aka bincika sai aka tarar matuƙin ya tokare sitiyarin da akwatin tabarau na ganin dare don a sami sauƙin lodi, aka manta ba a cire ba, aka tashi cikin duhu. Babu allon da ya faɗi haka. Ba za mu rantse cewa da akwai injiniya a tsakiya da ya hango akwatin ba, amma dai ido shida ya fi huɗu, kuma tsofaffin sojojin sama sun san sau da yawa shi ne kan yi ƙarfin halin ce wa babban hafsa, "Yallaɓai, dakata."

Namu tsofaffin samfurin H har yanzu suna bukatar mutum biyar ɗinsu. Amma yaron da ke firamare a Basawa yau, kafin ya sa kaki da wuya ya tarar da wannan kujera tana jiran sabon mai koyo. Ko a Abiyeshan, ƙananan jiragen Diamond da ɗalibai ke koyo da su alluna ne a gabansu tun ranar farko. Aikin injiniya yana saukowa ƙasa ne, cikin rumfar gyara, wurin masu sanin wayoyi da na'urori da manhaja. Iyayen da ke da yaro mai wannan buri, su dubi sakamakonsa na lissafi da kimiyya tun yana aji uku na ƙaramar sakandare.