Wa Ke Ba da Tutar Jam'iyya? Tsintar Gaskiya Cikin Jita-jitar Zaɓen Fidda Gwani

Duk lokacin da kakar zaɓen fidda gwani ta kama a Najeriya, labari kan riga gaskiya isa majalisa. Kafin jam'iyya ta fitar da jadawalinta, an riga an ji a teburin mai shayi cewa magana ta ƙare tun a Abuja, saƙon murya yana zaga wayoyi cewa wane aka ba tuta, sauran duk 'yan rakiya ne. Ruwa ba ya tsami banza, yawancin waɗannan maganganu akwai ƙwayar gaskiya a cikinsu, shi ya sa suke saurin kama zuciya, suke wuyar saki. Abin da ya dame ni da su shi ne, ɓangaren ƙaryar da ke ciki yana kawar da idon jama'a daga inda gizo yake saƙa. Yakan sa a zura wa fadar shugaban ƙasa ido, ko kundin tsarin mulki, ko hukumar zaɓe, alhali a 2022 ikon ba da tuta yana hannun wasu 'yan tsirarun daliget da waɗanda suka rubuta sunayensu. Zaɓukan fidda gwani na 2022 sun isa hujja, domin a gaban kyamara aka yi su, a bainar jama'a aka ƙirga ƙuri'u, kotuna kuma sun yi magana kan rigingimun da suka biyo baya.

Maganar da ta fi kowace yawo ita ce shugaba mai barin gado shi ke ɗora magajinsa. Tana da tushe. A 2006 Olusegun Obasanjo ya tsaya tsayin daka sai da gwamnonin PDP masu sha'awar kujerar suka koma gefe, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya karɓi tuta. Wanda ya ga wannan ba za a zarge shi ba in ya ɗauka haka al'adar take. Amma a dubi abin da ya faru ranar 6 ga Yuni, 2022. Shugaban APC na ƙasa, Abdullahi Adamu, ya shaida wa kwamitin gudanarwar jam'iyyar cewa Ahmad Lawan, shugaban majalisar dattawa, shi ne ɗan takarar maslaha. Nan take gari ya ɗauka cewa Shugaba Buhari ya nuna nasa, an gama. Kafin dare ya raba 'yan kwamitin da dama sun nesanta kansu da sanarwar, gwamnonin APC na Arewa, in ban da na Kogi wanda shi ma yake takara, suka jaddada cewa mulki ya koma Kudu, fadar shugaban ƙasa kuma ta ce Buhari bai tsayar da kowa ba. Da aka ƙirga ƙuri'u a dandalin Eagle Square ranar 8 ga wata, Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Lawan ɗin da aka ce an gama masa aiki ya tashi da 152. Osinbajo mataimakin shugaban ƙasa ne mai ci a lokacin, Amaechi ya yi wa Buhari daraktan yaƙin neman zaɓe sau biyu, kuma kusancinsu da fada bai kai su ba. Ko da sanarwar Adamu ta samu shiga, akwai shingen doka a gabanta: sashe na 84 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce ba a kiran mutum ɗan takarar maslaha sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta da hannunsu cewa sun janye don kansu kuma sun amince da shi, in ɗaya ya ƙi, tilas a koma ga ƙuri'a. Don haka a wancan zaɓe, zancen cewa shugabannin jam'iyya na iya shiga ɗaki su fito da suna su kira shi maslaha ba shi da makama a doka.

To in ba shugaban ƙasa ba, wa ya yanke hukunci? Lissafin daliget ne ke ba da amsa. APC ta ware daliget uku daga kowace ƙaramar hukuma, ƙananan hukumomi 774, jimla 2,322. PDP ɗaya ta ɗauka daga kowace, kuma waɗanda aka tantance a babban filin wasa na Abuja ranar 28 ga Mayu ba su kai 800 ba. Ƙasar da take da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93, mutanen da ba su wuce 3,100 ba ne suka fitar mata da 'yan takarar manyan jam'iyyunta biyu. Ƙarancin nan ya samo asali daga yadda aka rubuta dokar: ta bar wa zaɓaɓɓun daliget kaɗai damar kaɗa ƙuri'a, ta fitar da waɗanda a da suke shiga ta dalilin muƙami, su shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisa da tsofaffin manya. Majalisa ta farga ta yi gyara cikin gaggawa a watan Mayu, Buhari bai sa hannu ba har aka yi tarukan. Sakamakon haka, duk wanda ke juya jam'iyya a jiha, wanda galibi gwamna ne, shi ya riƙe linzami, domin shi ke da ta cewa kan sunayen da ke fitowa daga ƙananan hukumomi. Kano da ƙananan hukumominta 44 ta je taron APC da daliget 132, Legas da 60. Arewa maso Yamma gaba ɗaya tana da 558, Kudu maso Yamma, yankin Tinubu, 411 ne kacal, kuma yana raba su da Osinbajo. Ko da ya kwashe su duka, da saura sama da 850 kafin ya kai 1,271. Masu cewa ƙabilarsa ce ta ba shi tuta ba su yi wannan lissafin ba. A PDP ma haka: Atiku Abubakar ya samu 371, Nyesom Wike 237, kuma abin da ya sauya iskar daren shi ne hawan da gwamnan Sakkwato Aminu Tambuwal ya sake yi kan dandamali ya ce magoya bayansa su zaɓi Atiku.

Mai karatu zai ce, duk wannan kewaye-kewaye ne, kuɗi ne kawai ke magana, kowa ya ji labarin daloli. Ba zan kare kowa a nan ba, domin ɓarnar gaskiya ce kuma abin takaici ce. Mohammed Hayatu-Deen ya janye daga takarar PDP ana dab da taro, yana kukan cewa kuɗi ya mamaye zaɓen fiye da kima. An ga jami'an EFCC da jajayen rigunansu a wuraren tarukan jam'iyyun biyu, kuma ba banza suka je ba. Inda jita-jita ta zarce gona da iri shi ne alƙaluman da ake yaɗawa, wane ya ba kowane daliget dala kaza, wane ya ninka. Kuɗin da aka miƙa a ɗakin otal da tsakar dare ba shi da rasit, kuma duk mai rantsuwa kan adadinsa ji ya yi. Sannan akwai tambayar da masu wannan magana ba sa amsawa: in mai kuɗi fiye da kowa ne ke cin zaɓe, me ya sa 'yan takara suka yi ta zarya gidajen gwamnati jiha-jiha, suna neman gwamnoni da dattawan jam'iyya? Daliget yakan karɓa daga hannu biyu ko uku, amma ƙuri'arsa ɗaya ce, kuma in an watse gida zai koma, ya ci gaba da zama ƙarƙashin ubangidan da ya sa sunansa. Kuɗi na buɗe ƙofa, yana kuma korar wanda ba shi da shi tun daga nesa, sai dai shi kaɗai bai bayyana yadda ƙuri'un jihohi suka riƙa tafiya a dunƙule ba.

Tsadar fom kuwa ba jita-jita ba ce. APC ta sayar da nata naira miliyan 100, PDP miliyan 40, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi, ko bai taɓa ko sisi ba, sai ya tara na shekara kusan 278 kafin ya sayi takardar APC. Ƙaryar da ta raɓu da wannan gaskiya ita ce duk wanda aka ga an sayi fom da sunansa ya shiga takara. A watan Mayun 2022 wata ƙungiya ta sayi fom ɗin APC da sunan Goodluck Jonathan, labari ya bazu cewa shi ne zaɓin fada, ofishinsa ya fito ya ce ba da yawunsa aka yi ba. An sayi wani da sunan gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele. Babu ɗayansu da ya tsaya gaban daliget. Tsakanin sayen fom da takara akwai cikewa da mayarwa da tantancewa, kuma a wannan tazara sunaye da dama suke zubewa.

Sai batun karɓa-karɓa, wanda shi ya fi tayar da jijiyar wuya. Sau da yawa za ka ji mutum yana cewa tsarin mulki ne ya wajabta Arewa ta yi shekara 8, Kudu ta yi 8. Babu wannan a kundin 1999. Sashe na 131 sharuɗɗa huɗu ya gindaya wa mai neman shugabancin ƙasa: ya zama haifaffen ɗan ƙasa, ya kai shekara 35 tun bayan gyaran 2018 da ya rage ta daga 40, ya kasance ɗan jam'iyyar da ta tsayar da shi, ya yi karatu aƙalla matakin sakandare ko makamancinsa. Bai ambaci yanki ba. Karɓa-karɓa alkawari ne tsakanin 'yan siyasa, PDP ma ta rubuta shi cikin kundinta, kuma ta tsallake shi: a 2011 Jonathan ya kayar da Atiku, wanda kwamitin Adamu Ciroma ya fitar a matsayin ɗan takarar Arewa, a 2022 kuma ta buɗe takarar ga kowane yanki. Amma kuskure ne a fahimci cewa abin da ba doka ba ba shi da nauyi. Bayan taron PDP na 2022, gwamnonin PDP biyar ƙarƙashin Wike sun juya wa Atiku baya, Peter Obi kuwa tun kafin taron ya fice zuwa jam'iyyar Labour, inda ya samu ƙuri'u sama da miliyan 6 a babban zaɓe. Atiku ya tashi da ƙasa da miliyan 7, Tinubu ya ci da kusan miliyan 8.8. Babu kotun da za ta hukunta jam'iyya kan karya wannan alkawari, amma an ga abin da ya jawo wa PDP a akwatin zaɓe.

Akwai kuma masu ɗora wa INEC alhakin fitar da ɗan takara, da masu cewa jam'iyya na iya sauya suna duk sa'ad da ta ga dama. INEC sanar da ita ake yi, ta aika jami'anta su sa ido su rubuta rahoto, ba ta da ƙuri'a ko ɗaya a wurin. Dokar 2022 kuma ta hana sauya sunan da aka miƙa sai in ɗan takara ya rasu ko ya janye a rubuce, kuma ta ƙofar janyewar nan Kashim Shettima ya maye gurbin Kabiru Masari, wanda aka fara sa sunansa a matsayin mataimakin Tinubu na riƙon ƙwarya. Jam'iyyar da ta yi wasa da ƙa'idar fidda gwani takan ɗanɗana kuɗarta. A 2007 Kotun Ƙoli ta ɗora Amaechi kan kujerar gwamnan Ribas domin shi ya ci zaɓen fidda gwanin PDP aka cire sunansa. A watan Mayun 2019 ta soke duk ƙuri'un da APC ta samu a Zamfara saboda ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. Na san abin da za a kawo mini: ina batun Bashir Machina? Ya ci zaɓen fidda gwanin sanatan Yobe ta Arewa, jam'iyya ta miƙa sunan Lawan bayan ya faɗi a takarar shugaban ƙasa, kotuna biyu suka ba Machina gaskiya, sai Kotun Ƙoli a Fabrairun 2023, da alƙalai uku a kan biyu, ta ba Lawan bisa dalilin cewa ba ta hanyar da ta dace aka shigar da ƙarar ba. Wannan hukunci ya sosa ran mutane da yawa, kuma a ganina ya raunana amanar da jama'a ke da ita ga dokar. Ya nuna shingen yana da kafa, kuma mai ƙarfi ya fi sanin inda take. Bai nuna babu shinge ba, domin da babu shi, da 'yan APC na Zamfara ba su rasa kujerar gwamna da na majalisu a rana ɗaya ba.

Daga nan wasu kan yanke cewa maganin duk wannan shi ne 'yar tinƙe, a bar kowane ɗan jam'iyya ya shiga layi, ƙato bayan ƙato. Ina tare da su a kan cewa sayen mutum miliyan ya fi sayen mutum 800 wuya, kuma majalisa ta so ta wajabta wannan tsari a 2021, Buhari ya ƙi sa hannu yana kafa hujja da tsada da matsalar tsaro. Sai dai an taɓa gwada shi, kuma ya kamata a dubi abin da ya fito. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe, Buhari shi kaɗai ba abokin hamayya, aka sanar ya samu ƙuri'u miliyan 14.8. Bayan 'yan watanni, a babban zaɓen Fabrairun 2019, inda 'yan jam'iyya da waɗanda ba 'yan jam'iyya ba suka fito, abin da ya samu miliyan 15.2 ne. Kusancin alƙaluman nan biyu ya isa ya sa mai hankali ya tambaya wa ya ƙirga layukan mazaɓu, kuma da wane kundin rajista aka tantance waɗanda suka tsaya. Dokar 2022 ta ce jam'iyya ta miƙa wa INEC rajistar mambobinta kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani, amma rubuta rajistar da raba katin jam'iyya sun ci gaba da zama a hannun shugabannin mazaɓa da na ƙaramar hukuma, waɗanda su ne dai suke fitar da sunayen daliget.