Gadon Mai Zane da Amanar Magada

Duk mai zanen da ya ƙare rayuwarsa yana zana ƙasar haihuwarsa, tarihi yake rubutawa da launi. Abin tambaya shi ne: idan ya kwanta dama, a hannun wa wannan tarihi zai faɗa? Na daɗe ina ganin babu misalin da ya fi na John Constable amsa wannan tambaya.

An haifi Constable a 1776 a ƙauyen East Bergholt, cikin yankin Suffolk na ƙasar Ingila. Mahaifinsa yana da injinan niƙa a bakin kogin Stour, kuma wannan kwari, da gonakinsa da shanunsa da jiragen ruwansa, shi ne ya zame masa abin zana har ƙarshen rayuwarsa. Mutanensa ba su yi saurin gane darajarsa ba. Shahararren zanensa The Hay Wain, mai nuna keken doki a tsakiyar ruwa, bai sami mai saye ba da aka baje shi a Landan a 1821. Sai da ya ƙetara Faransa a 1824 ya sami lambar zinariya.

Bayan rasuwarsa a 1837, an yi gwanjon ayyukansa da dama a shekarar da ta biyo, suka watsu a hannun masu saye. Amma ɗaruruwan ƙananan zane-zane sun rage a wurin 'ya'yansa. A 1888 'yarsa Isabel, wadda ita ce ta ƙarshe a raye cikinsu, ta miƙa kaso mafi tsoka ga gidan adana kayan tarihi na South Kensington, wanda a yau ake kira Victoria and Albert. Kyauta ta bayar, ba sayarwa ba.

Darajar wannan kyauta tana cikin haɗuwarta wuri guda. Constable ya zana gizagizai a Hampstead a 1821 da 1822, yana rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska ta dosa a bayan takardar. Guda ɗaya a bangon attajiri ado ne kawai; idan aka jera su, sai su zama littafin da ɗalibi zai karanta. Yau kowa yana shiga ya gan su ba da ko sisi ba, ana kuma duba hotunansu ta intanet.

Tarawa kaɗai ba ta wadatar ba, sai da rubutu. An daɗe ana jingina wa Constable wasu zane-zanen ɗansa Lionel, sai bayan shekaru fiye da ɗari masana suka raba su. Don haka kowane zane yana buƙatar bayaninsa: wa ya yi, yaushe, a ina, ta hannun wa ya biyo.

Ban ce magada su yafe haƙƙinsu ba. Gado halal ne, kuma ba kowa ke da wadatar yin kyauta ba. Abin da nake roƙo shi ne, kafin a raba, a ƙirga, a ɗauki hoto, a rubuta, a ajiye kwafi a jami'a ko gidan tarihi. Fadama takan koma unguwa, kuka takan faɗi, rafi yakan ƙafe. Ranar da jikoki za su tambayi yadda ƙasarsu take a da, zanen nan ne zai ba su amsa, in har an san inda yake.