Gaisuwar Imel Tsakanin Madina, Jamus da Amurka

Matashin unguwar Madina ko Nima a Accra da ke neman gurbin karatu a ƙetare yakan ci karo da matsala tun kafin maganar biza: yadda zai buɗe saƙon imel. Farfesan Jamus yana sa ran a ambaci muƙaminsa da sunan danginsa, a yi masa lafazin girmamawa, a rufe da sallamar da aka saba. Jamusawa har ƙa'idar tsara wasiƙar ofis gare su, DIN 5008, kuma mai digirin dakta yana iya sa shi a fasfonsa. Farfesan Amurka kuwa sau da yawa layi biyu zai amsa, ya sa sunansa na yanka kawai. Yaron da aka hana kiran yayansa da suna gatsal sai ya ga kamar an raina shi, alhali kowannensu ladabin ƙasarsa ya yi.

Mutanen zango ba baƙin wannan ilimi ba ne. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi da Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Daga baya ya yi aiki da jami'in Jamus Adam Mischlich, lokacin da Krachi ke hannun Jamusawa. Malaman wancan zamani sun san wasiƙar sarki daban, ta fatake daban. Gadonmu shi ne auna matsayin wanda ake rubuta wa, ba tsawon gaisuwa ba.

Dattawan unguwar Maamobi za su ce wanda ya tsallake tambayar gida da iyali ya zubar da tarbiyya. Suna da hujja idan saƙon na liman ne ko sarkin zango, ko kawun da ke Hamburg ko Bronx. Amma ma'aikacin jami'a a Berlin ba ya jin an girmama shi don baƙo ya tambayi lafiyar 'ya'yansa. Shisshigi yake gani. Samarin da ke cewa zamani ya kashe duk wannan ma sun yi gajen lissafi, domin saƙo irin na WhatsApp, babu muƙami babu sallama, yana iya ɓata wa mai nema suna a Jamus. Ko a Amurka, saƙon farko da muƙami ake buɗe shi, sai farfesan ya sassauta da kansa.